Injin da Ke Kwana a Waje: Mu Tsare Shi, Mu Kuma Tsare Bakinmu

Ya ku 'yan uwa mazauna Sabo, Zango da sauran unguwannin Hausawa a nan Kudu, yau ina son mu tattauna a kan wani abu da kusan kowane gida ke da shi, amma ba mu cika ba shi muhimmancin da ya kamata ba, wato injunan da muke bari a waje: janareta, injin markaɗe, injin jawo ruwa daga rijiya, injin wankin mota da makamantansu. Ra'ayina shi ne, tsare waɗannan injuna daga masu ɓarna da masu taɓa mai ya wuce maganar kuɗi kawai. Magana ce ta zaman lafiyarmu da mutanen da muke zaune a cikinsu.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Wata safiya maƙwabcina mai injin markaɗe ya ja igiya ya fi sau ashirin, injin ya ƙi tashi, ga mata sun yi layi da robobin tattasai da wake. Da ma kwana biyu kafin nan wani saurayi ɗan gari da ke bayan gidan ya yi masa ƙorafin ƙarar injin. Nan take maƙwabcin nawa ya yanke hukunci cewa yaron nan ne ya zuba masa sukari a tanki. Kafin a ce haka, samarinmu sun taru, nasu ma sun fito, ana ta nuna wa juna yatsa. Allah Ya taimake mu wani dattijo ya ce a kira makanike tukuna. Makanike ya zo ya juye man a cikin farar kwalba, ya ajiye ta a ƙasa. Ba a yi minti biyar ba sai ga ruwa ya kwanta a gindin kwalbar, kusan yatsa biyu. Da aka bi diddigi, ashe daga jarkar da ya saya a hannun 'yan bumburutu da daddare ne. Babu wanda ya taɓa masa inji. Da a ce an daki yaron nan a wannan safiya, Allah kaɗai Ya san inda maganar za ta tsaya.

Ba ina cewa babu masu ɓarna ba ne. Akwai su, kuma sun ƙaru. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta yi tashin gwauron zabi, har ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa a ƙarshen 2024. Man da ke kwana a tankin janareta ya zama abin kwaɗayi. Ɓarawo ba ya buƙatar komai sai ɗan tiyo da jarka, ko kuma ya zare robar da ke kai mai zuwa kafireta ya tara. Wani kuma ba ya son a gane an ɗiba, sai ya cike gurbin da ruwa ko kananzir. Akwai masu kwance batir, akwai masu fasa injin su cire kwayil saboda jan ƙarfen da ke ciki, akwai kuma mai hassada ko wanda ƙara ta dama, wanda zai zuba yashi a wurin baƙin mai.

To amma abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne, ba kowace lalacewar inji ce ke da hannun mutum ba. Mu tuna da watan Fabrairu na 2022, lokacin da kamfanin mai na ƙasa da kansa ya amsa cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Motoci da injuna da dama suka lalace a Legas da Abuja, alhali a gidan mai aka sayi man, ba a bakin titi ba. In har man gidan mai zai iya zuwa da matsala, ina ga wanda aka juye daga jarka zuwa jarka, ya kwana a rana da ruwan sama? Ko tankin da aka bari babu murfi mai kyau a damina zai iya shan ruwa ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Shi ma zancen sukari da ake yawan yi, ya kamata mu fahimce shi. Sukari ba ya narkewa a cikin fetur kamar yadda yake narkewa a shayi. Kwanciya yake yi a ƙasan tanki kamar yashi, ya toshe matacin mai da kafireta. Illa ce, amma akasari wankin tanki da canjin mataci na maganinta. Abin da ya fi kashe inji shi ne yashi ko ƙasa a cikin baƙin mai, domin yana cinye fistin da sauran kayan ciki cikin ɗan lokaci. Shi kuwa ruwa, da yake ya fi fetur nauyi, ƙasa yake komawa, kuma daga ƙasan ne inji ke jan mai. Saboda haka duk wanda ya tarar da murfin tankinsa a kwance, ko ya ga ɓurɓushin wani abu a bakin tankin, ko launin man ya canja, to kada ya tayar da injin. Ya juye man a farar kwalba a gaban shaidu, ya jira ya kwanta, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza tsakanin yatsunsa ya ji ko akwai tsakuwa. Jan igiya sau ɗaya kan iya mayar da gyaran 'yan dubbai ya koma sayen sabon inji.

Yanzu sai maganar rigakafi, wanda Hausawa suka ce ya fi magani. Abu mafi inganci shi ne kejin ƙarfe. A samu mai walda ya yi shi da rodi mai kauri, a dasa ƙafafunsa a cikin siminti, a yi masa rufin kwano saboda ruwan sama, sannan a yi wa wurin kwaɗon rumfa ta ƙarfe yadda almakashin yankan ƙarfe ba zai kai gare shi ba. A tabbatar hannu ba zai iya shiga ta tsakanin rodin ya kai ga murfin tanki, robar mai ko wurin baƙin mai ba, in ya kama a ƙara ragar waya ta wannan gefen. Wanda bai da halin keji, ya samu sarƙa mai kauri ya zura ta cikin firam ɗin injin, ya ɗaure a jikin ƙarfen da aka binne, ba a jikin katako ko taga ba. Kwaɗo mai araha da yaro zai fasa da dutse ba tsaro ba ne.

Bugu da ƙari, kada a bar mai da yawa ya kwana a tanki. A zuba daidai wanda za a ƙona, a rufe makunnin man bayan an kashe. Masu injin markaɗe da na ban ruwa za su iya cire fulogi da bel su shiga da su ɗaki. A ɗauki hoton injin da lambar da aka buga a jikinsa, a adana rasidin saye, a kuma sa mai walda ya yi wata alama a wani lungu na firam ɗin wadda mai shi kaɗai ya sani. Ranar da aka tsinci injin a hannun wani, wannan lamba da rasidin ne za su yi magana a gaban hukuma. Ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana a saman kejin ma na korar mai mugun nufi, domin ɓarawo ba ya son haske.

A nan akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba. Tsoron ɓarayi ya sa wasu na shigar da janareta cikin zaure, baranda, kicin ko shago su kunna su kwanta. Wannan ganganci ne da rai. Hayaƙin janareta na ɗauke da iskar guba da ake kira kabon monokzayid, ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci take ɗauke shi. Sau nawa muka ji labarin an wayi gari an tarar da iyali guda sun rasu a ɗaki saboda haka? Masana lafiya na ba da shawarar a ajiye shi a fili, nesa da ƙofa da taga da kamar mita 6, bakin salansa na kallon wani gefen. A cunkoson gidajen hayarmu wannan na da wuya, amma a yi iyakar ƙoƙari, kuma kada kejin ya zama ɗaki rufaffe. Haka nan ba a zuba mai injin na aiki ko yana da zafi, ba a kuma ajiye jarkar fetur kusa da murhu ko a ɗakin da yara ke kwana. An yi asarar inji an sayi wani, amma rai ba shi da madadi.

Sai kuma 'yan uwanmu masu gadi, waɗanda su ne suka fi shan wahala a wannan lamari. Da yawa daga cikinmu na gadin gidaje, coci-coci, otal-otal da ma'aikatu inda ake da manyan injuna masu shan gas. Da zarar mai ya ragu, ba a tambayar direba, ba a tambayar mai kula da injin, sai a ce "aboki" ne. Shawarata ga kowane maigadi ita ce ya nemi littafi, a riƙa rubuta yawan man da aka zuba, ranar da aka zuba, wanda ya zuba da kuma awannin da injin ya yi yana aiki, mai gida ko wakilinsa na sa hannu. In zai yiwu, kada ya karɓi makullin tanki ko na rumbun mai. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya ɗauki hoton ma'aunin da wayarsa lokacin kama aiki da lokacin tashi. Kuma mu sani, sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma mai gaskiya ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. Sashe na 35 ya wajabta a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya, ko kwana biyu in kotun na da nisa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 kuma, a sashenta na 7, ta hana a kama wani a madadin wani. Ba daidai ba ne a tsare ƙane don an rasa wansa.

Idan kuwa mu aka yi wa ɓarna, hanyar doka a buɗe take. Kundin dokar laifuka da jihohin Kudu suka gada ya tanadi ɗaurin shekara biyu ga wanda ya lalata dukiyar wani da gangan a sashe na 451, da shekara uku ga sata a sashe na 390. A ajiye kwalbar man, a ɗauki hoto, a samu bayanin makanike, a sanar da Sarkin Hausawa ko mai unguwa, sannan a kai rahoto ofishin 'yan sanda tare da wani dattijo. Wanda ke neman diyya a Legas na iya zuwa kotun ƙananan ƙararraki da aka kafa a 2018, inda mutum ke iya tsayawa da kansa ba sai da lauya ba. In kuma ana zargin gidan mai ne ya sayar da gurɓatacce, hukumar NMDPRA ce ke kula da ingancin mai, shi ya sa karɓar rasidi a gidan mai ke da amfani.

Abin da ba za mu yi ba shi ne ɗaukar doka a hannu. Mun fi kowa sanin yadda ƙaramar magana ke zama gobara a wuraren da muke zaune. Rikicin kasuwar Sasa a Ibadan, a watan Fabrairu na 2021, daga gardama tsakanin mai dako da mai shago ya faro, aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, zato ne kawai ya sa gungun mutane suka kashe matafiya 16 'yan Arewa. Mu da muka ɗanɗana zafin hukuncin zato, bai dace a ce mu ne za mu yi wa wani ba.

Wani zai ce, "Malam, ai komai tsaron da ka yi, in ɓarawo ya ƙudura sai ya shiga." Gaskiya ne. Amma akasarin masu wannan ɓarna ba ƙwararrun 'yan fashi ba ne, masu neman abin da ya zo da sauƙi ne. In sun ga keji da haske, sai su wuce gaba. Wani kuma zai ce kuɗin walda ya yi yawa. Sai ya auna shi da kuɗin sabon inji, ya haɗa da cinikin kwanakin da zai yi a zaune. Masu shaguna a layi ɗaya ma za su iya haɗa kuɗi su gina wuri guda mai iska, su ɗauki maigadi ɗaya.

Daga ƙarshe, mu ma mu duba kanmu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin da zai kafa janareta a gindin tagar maƙwabcinsa, hayaƙi da ƙara na shiga masa ɗaki har asuba, shi ya fara jawo wa injinsa ƙiyayya. A gyara salansa, a juya bakinsa, a yi yarjejeniyar lokacin kashewa, in da hali a ba maƙwabci wurin cajin waya. Maƙwabcin da ke amfana da injinka shi zai fara yi maka ihu in ya ga baƙon hannu a kai. Haka kuma ina kira ga 'yan uwanmu masu sana'ar gwangwan, da su guji sayen kwayil, batir ko inji daga hannun wanda ba su sani ba kuma ba shi da rasidi, domin mutum ɗaya ke saye, amma sunan al'umma duka ke ɓaci. Ina roƙon shugabannin unguwanninmu su ɗauko wannan magana a zamansu na gaba da shugabannin 'yan gari, a yarda cewa duk wani zargin taɓa inji sai an kira makanike da dattawan ɓangarorin biyu kafin kowa ya buɗe baki.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da mutuncinmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin. Wassalam.