Shekaru Biyar Ɗin Da Muke Tsallakewa



Mu ɗauko labaran da muka rubuta ko muka karanta a bana, mu duba yadda muke yi da jariri. Amarya ta samu ciki, ta haifi kyakkyawan yaro mai kama da ubansa sak. An yi suna na kece raini, mun cika shafi uku da lissafin leshi da atamfa. Daga nan sai mu rubuta "bayan shekara biyar", sai ga yaro sanye da kayan makaranta yana gaida Abbansa. Waɗannan shekaru da muke tsallakewa da layi guda su ne suka fi cin ƙarfin iyayenmu da yayyenmu. A ganinmu wannan tsallaken asara ce, kuma mu marubuta muka fi kowa tafka ta.

Mu da muka tashi a Gurbin Bore, cikin ƙaramar hukumar Zurmi, mun san abin da ke cikin shekarun nan. Akwai daren da haƙori ke tsirowa, jiki ya yi zafi, uwa ta kwana a zaune, da asuba kuma ta goya shi ta kama surfe. Akwai ranar yaye, a shafa wa nono ɗaci, a kai yaro gidan kaka, shi yana kuka can, uwar tana haɗiye nata nan. Akwai uwar ɗan fari da kunya ta hana ta kiran sunansa, ya faɗi gaban surukarta ta kau da kai kamar ba ta gani ba, alhali hanjinta ya kaɗa. Akwai kuma daɗin: ranar da ya fara tatata gida ya kaure da shewa, da ranar da ya dawo daga makarantar allo ya fi allon shan tawada. Wanne daga ciki ne bai isa babi guda ba?

A yankinmu kuma reno ya samu wani nauyi da kakanninmu ba su san shi ba. Da, da dodo ake tsorata yaro ya yi barci. Yanzu yaron da bai iya kiran sunansa daidai ba ya san ya nemi zanin uwarsa in ya ji ƙarar babura da yawa. Iyaye mata a ƙauyukan Zurmi da Shinkafi sun kwana a jeji da goyo, suna cusa wa jariri nono don kada kukansa ya tona inda mutane suka ɓuya. Mu lura da wasan yara a ƙofar gida: karan da ake yin mota da shi, yanzu an fi saɓa shi a kafaɗa. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe makarantu da kasuwannin mako, magidancin da ya tafi nema Legas ba ya da hanyar jin ko zazzaɓin ɗansa ya sauka. Gidajen rediyo sun ba da labarin katse layin. Labarin wannan uba da wayarsa a hannu, wa zai ba da shi in ba mu ba?

Ga kuma yunwa. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, ta samu cewa a kowane yara huɗu, ɗaya na fama da tamowa. Wannan aikin mai ƙididdiga ne, ya kuwa yi. Namu aikin yana farawa ne bayan uwa ta dawo daga asibiti da ƙunshin abincin tamowa, an ja mata kunne cewa na mara lafiyan ne shi kaɗai. Ta yaga leda, yayyensa biyu da suka karya da ruwan koko sun zuba mata ido. Ta raba, magani ya gaza. Ta hana, da wane ido za ta kalle su? Babu kishiya a nan, babu boka, babu attajiri mai jirgin sama, amma wanda ya iya rubuta wannan zama na minti biyar, mai karatu ba zai ajiye wayarsa ba.

Mun san amsar da wasu za su bayar: mutane soyayya suke saye, wanda ya wuni cikin damuwa hutu yake nema a littafi, wa zai biya kuɗin labarin majina da gudawa? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ba ma cewa a daina soyayya. Sai dai mu tuna Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, labarin Rabi da miji ya kora da 'ya'ya tara, ta kama sayar da abinci don ta riƙe su. An saye shi, an yi fim ɗinsa, an fassara shi zuwa Turanci. Mu tuna Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, inda uwa ta ratsa hamada neman ɗanta da aka sace. Yawancin masu karanta mu mata ne, da yawa da goyo a baya suke karantawa. Don me za mu ɗauka ba sa son ganin kansu? Soyayyar ma, in da gaske muke, an fi gane ta ranar da miji ya karɓi yaro da tsakar dare ya ce wa matarsa ta ɗan runtsa.

Sai dai a yi hattara. Kada mu mayar da iyayen nan abin tausayi kawai; suna dariya, suna faɗa, suna yi wa 'ya'yansu kitso da lalle ranar Sallah. Kada kuma mu sa wa ɗan shekara uku zancen dattijo a baki. Sannan tunda muna cikin halin tsaro, kada a saka sunan kowa na gaskiya ko kwatancen gidansa.

Aikinmu na wannan mako ke nan: kowa ya je wajen yayarsa, ko matar wansa, ko maƙwabciya mai goyo, ya nemi izini ya wuni. A karɓar mata yaron ta samu ta yi wanka. A saurari abin da take ce masa in tana lallashi, da abin da take faɗa in ta gaji. A dawo a rubuta shafi guda kan awa ɗaya tak daga wunin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa a ɗakin muka girma.

Allah ya raya mana zuri'a, ya dawo mana da zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.