Lissafin yiwuwa ba kishiyar ƙaddara ba ne

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu, akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa a tsakaninmu. Wasu na cewa duk wanda ya auna yiwuwar abu da lamba ya shiga hurumin Allah. Wasu kuma da sun ɗan ɗanɗana kwas ɗin ƙididdiga sai ka ji wai ai komai dace ne, babu mai tsarawa. Ni dai a ganina duka biyun ba su fahimci lissafin ba.

In ka cilla kwabo sama, muna cewa rabi da rabi ne, don ba mu san ƙarfin yatsanka ba, ba mu san sau nawa zai juya ba. Tun 1814 Laplace, masanin lissafi na Faransa, ya nuna cewa wanda ya san matsayin komai da ƙarfin da ke motsa shi ba ya buƙatar "wataƙila". Ke nan lambar jahilcinmu take aunawa. Ilimin Allah kuwa babu wataƙila a cikinsa.

Na san 'yan fiziks za su ce to ƙwayar zarra fa? Gaskiya ne, a can lissafi yiwuwa kaɗai yake bayarwa, abin da ya dami Einstein har ya rubuta wa Max Born ƙorafi a 1926. Amma tsallakawa daga nan zuwa "babu mai tsarawa" falsafa ce, babu ɗakin gwajin da ya tabbatar da ita.

Zaɓin ɗan Adam ma lissafi bai taɓa shi ba. Ko ya nuna yawancin masu fashin lakca faɗuwa suke, ai bai ɗaure maka ƙafa ba gobe da safe.

Inda abin ya fi damuna shi ne aure. AS ya auri AS, kowane ciki yiwuwar sikila 1 ce cikin 4. Kowane ciki fa, lissafin sabo yake komawa. Za a iya haihuwar huɗu lafiya lau, za a iya samun huɗun duka da ciwon. Wanne zai faru, Allah kaɗai Ya sani. Amma zuwa gwaji yana hannunka, kuma riƙo da sababi ba ya rage tawakkali.

Don Allah, a yi gwajin jini kafin a kai kuɗin gaisuwa. Yaron da zai kwana yana kukan ciwon ƙashi ba a yi shawara da shi ba.