Ango, fita da amaryarka ta ga Ankara

'Yar ƙanwata da aka kawo aure daga Kumashi zuwa Mamobi ta cika shekara biyu a Ankara a watan jiya. Na leƙa su ranar wata Juma'a, muna cikin hira sai na tambaye ta ko ta saba da iskar teku. Ta yi dariya ta ce, "Kawu, wane teku? Ni fa a waya nake ganinsa." Daga ƙofar gidansu zuwa bakin ruwa ba wata tafiya ba ce a trotro. Amma abin da yarinyar nan ta sani a birnin duka bai wuce kasuwar Nima, asibitin awo, gidan suna da gidan biki ba.

Mijin yaron kirki ne, ba na zarginsa da mugunta. Waya yake sayarwa a Circle, yana fita bayan asuba, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Ya ci tuwo, ya ɗan huta, sai ya nufi bes wurin abokai a sha ataya a yi musun ƙwallo har dare ya raba. Da na yi masa magana sai ya ce, "Kawu, ai yawon buɗe ido na Turawa ne da masu kuɗi. Mu da muke fama da kuɗin haya?"

Maganar haya gaskiyarsa ce. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kowa ya san a Ankara shekara biyu ake nema, in ba ka da shi ka ba wani wuri. Saurayi ya ci bashi ya kama ɗaki ɗaya a gidan haya, ya ƙara cin wani ya yi biki. Ga jarkokin ruwa da ake layi a kansu, ga wuta da ke ɗaukewa lokacin da ta ga dama. To amma wannan ɗaki ɗayan shi ne hujjata. A gidan da iyali goma ke raba tsakar gida da banɗaki, miji da mata ba sa iya yin magana ba tare da maƙwabta sun ji ba. In suka yi dariya an ji, in suka saɓa kafin gari ya waye labari ya kai gidan surukai. Ina za su zauna su san juna? Da yawa daga cikin ƙananan rigingimun da ake kai wa limamai a zango, in ka bi diddigi, mutum biyu ne da ba su taɓa samun awa biyu su kaɗai ba.

Kuma fitar ba ta cin abin da ake tsammani. Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka gina da taimakon Turkiyya aka buɗe a 2021, daga Nima da ƙafa ake zuwa. Dandalin Black Star fili ne a buɗe, teku na bayansa. Ɗan gaba kaɗan ga wurin tunawa da Kwame Nkrumah, da aka gyara aka sake buɗewa a 2023. A filin nan ne ya ayyana 'yancin Ghana a watan Maris na 1957, kuma a nan aka binne shi, matarsa Fathia 'yar Masar tana kusa da shi. Akwai kuɗin shiga, amma bai kai kuɗin atamfar yayi guda ɗaya da muke saye don bikin wanda ko gaisuwar kirki ba ma yi da shi ba. In an samu sarari a hau mota zuwa Aburi, lambun da ke can tun 1890 yake, ga sanyi ga inuwa. A ƙulle waakye a ganye daga gida, shi ke nan.

Na san abin da wasu dattawa za su ce: bakin teku wurin shashanci ne. Labadi da yammacin Lahadi, da kiɗa da giya, ni ma ba zan ce wa kowa ya kai iyalinsa ba. Amma ruwan yana nan da safe, lokacin da babu kowa sai masunta da masu motsa jiki. Mace da mayafinta, tare da mijinta, wane laifi ta yi? Mun sha ji a wa'azi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Muna jin daɗin labarin a masallaci, amma in aka ga yaro yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da matarsa sai a fara, "An shanye shi, mijin-ta-ce ne." Wallahi wannan gorin ya fi talauci hana samarinmu fita da matansu.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Mu 'yan zango mukan yi zama a Ankara kamar baƙin da ke jiran mota, alhali kakanninmu sun bar sawunsu a tsakiyar birnin. Tudu sunan Hausa ne. Fadama haka. Ga Zongo Lane, ga Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa fiye da shekara ɗari da suka wuce, ga kasuwar Salaga can wajen James Town. Uwar da ba ta taɓa taka waɗannan wurare ba, me za ta faɗa wa ɗanta ranar da wani ya ce masa shi ba ɗan ƙasa ba ne? Yaron zai tashi yana ganin Ghana ta tsaya a bakin kwatar Nima, abin da ke bayanta na wasu ne.

Na dai matsa wa surukin nawa har ya rufe shago rabin yini ranar Asabar. Da la'asar sai ga hoto ta WhatsApp: su biyu a gindin hasumiyar James Town, iska na neman ƙwace mata mayafi. Ta bi da saƙon murya tana ce mini ashe ruwan har ƙara yake yi. Shi kuma daga bayanta ina jin yana mita wai mai kwakwa ya cuce shi sidi biyu.