SHARHI: Na'urar Neman Agaji Ga Tsofaffi: Wane Ne Zai Amsa Kiran?

Duk ɗan kasuwar da neman halali ya kai shi Legas ko Fatakwal ko Anaca, ya kuma baro mahaifansa a gida tsufa ya fara cim musu, ya san irin faɗuwar gaban da kan same shi idan wayarsa ta yi ƙara da tsakar dare. A da can gidan Bahaushe ba ya rabuwa da jama'a, ko tari tsoho ya yi akwai mai ji. Yanzu kuwa 'ya'ya sun watsu wuraren sana'a, jikoki suna makaranta, sai ka tarar da dattijo ko dattijuwa su kaɗai a gida tun hantsi har la'asar.

Wannan hali ne ya sa wasu daga cikin 'yan kasuwarmu suka fara saya wa iyayensu wata 'yar na'ura da ake ratayawa a wuya ko a ɗaura a hannu kamar agogo, mai maɓalli guda wanda mutum zai danna idan ya faɗi ko ciwo ya taso masa, a gida yake ko a hanyar masallaci. Niyyar mai kyau ce. Sai dai ra'ayina shi ne, yawancinmu muna kuskuren gane hajar da muke saye. Maɓallin ba shi ne hajar ba. Hajar ita ce amsar da za ta biyo bayan danna shi, kuma wanda ya biya kuɗin maɓalli bai tanadi mai amsawa ba, ya sayi kifi ne a ruwa.

Babu shakka matsalar da na'urar ta zo magancewa babba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa kimanin mutane 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara sakamakon faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 daga cikinsu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin tattalin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne abin ya fi ritsawa da su. Haka nan shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke yawan jawowa, ba ta jiran kowa. Maganin da likitoci ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa da shi, a cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi. Tsohon da ya yini kwance a makewayi ba wanda ya sani, ya riga ya rasa wannan dama tun kafin a kai shi bakin asibiti.

Idan aka waiwayi asalin sana'ar, za a ga inda darajarta take. A shekarar 1974 ne wani malamin jami'a a Amurka, Andrew Dibner, tare da matarsa suka kafa kamfanin Lifeline. Tsarin da ya ginu a kai shi ne, idan tsoho ya danna maɓalli, kiran zai tafi wurin ma'aikatan da ke zaune dare da rana, waɗanda ke riƙe da sunansa da adireshinsa da lambobin waɗanda za a kira. Su ne za su tayar da maƙwabci ko su aika da motar asibiti. Kuɗin da ake biya wata-wata domin wannan hidima shi ne ƙashin bayan cinikin, kuma shi ya sa kamfanin Philips ya sayi Lifeline a shekarar 2006 a kan kuɗi kimanin dala miliyan 750. Ba robar da ake ratayawa a wuya ce ta kai wannan daraja ba.

A nan ne gizo ke saƙa ga mai sayowa daga waje. Wani ɗan'uwana da ke fataucin tumatir a kasuwar Mile 12 ya taɓa sa an kawo wa mahaifiyarsa irin wannan na'ura daga Amurka. Da aka kunna ta sai ta yi ta lalube, domin layin da ke cikinta na can ne, cibiyar da take nema ma tana can. Har yau tana cikin akwatin tsohuwar. Su kansu Amurkawa sun ɗanɗana irin wannan a shekarar 2022, lokacin da manyan kamfanonin wayarsu suka rufe tsohon tsarin sadarwa na 3G, abin da ya tilasta sauya ɗimbin na'urorin tsofaffi da suka dogara da shi.

Sai kuma batun lissafi, wanda bai kamata ya gagari ɗan kasuwa ba. A ce hidimar waje tana cin dala 30 a wata, a kuma ɗauki dala a kan N1,500 domin sauƙin ƙidaya. Wannan ya kama N45,000 a wata, wato N540,000 a shekara, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a shekarar 2024 N70,000 ne. Wanda ya ga yadda naira ta kasance bayan an sakar mata mara a watan Yunin 2023, daga kimanin N460 a farashin gwamnati zuwa sama da N1,500 a farkon 2024, ya san hatsarin ɗaukar wa kai nauyin da za a riƙa biya da dala har tsawon rayuwar mutum. Ƙa'idar da nake ba da shawara a bi ita ce, a haɗa farashin na'ura da kuɗin layi da na sauya batir na shekara uku, sannan a kwatanta. Sau da yawa mai arha a ranar saye ita ce mai tsada a ƙarshe.

Saboda haka wadda ta fi dacewa da halinmu ita ce na'urar da ke karɓar layin gida, wadda kuma ake iya sanya mata lambobi uku ko fiye, ta riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya har wani ya ɗauka, tare da aika saƙon inda mai ita yake. Kafin a miƙa kuɗi, akwai tambayoyin da ya wajaba mai sayarwa ya amsa, kuma a gwada a gani da ido.

Ta farko ita ce ta sabis. Ba kamfanin da ya fi ƙarfi a Ikeja ko Wuse ake nema ba, ana neman wanda ya fi ƙarfi a cikin ɗakin tsohuwar ne, da makewayinta, da hanyar da takan bi. A tabbatar na'urar tana aiki da 4G, tana kuma cikin waɗanda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da shigowarsu. Shi kansa layin sai an kula da shi. Tun daga watan Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, an kuma rufe layuka masu yawa a shekarar 2024 saboda rashin yin hakan. Bugu da ƙari, layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya rufe shi, ga shi kuwa layin irin wannan na'ura kan yi watanni bai kira kowa ba. Maganin wannan shi ne a ware rana guda a kowane mako, misali Juma'a, a danna maɓallin don gwaji.

Ta biyu ita ce ta batir. Idan ba a manta ba, a watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna. Na'urar da sai an yi mata caji kowane dare, irin yawancin agogunan zamani, ba ta dace da gidan da wuta ke zuwa ta ga dama ba. A nemi mai kwanaki kafin ta mutu, mai aika wa iyali saƙo idan batirinta ya yi ƙasa, a kuma haɗa da 'yar fitilar sola mai wurin caji.

Ta uku ita ce ta ruwa. Makewayi da wurin alwala na daga cikin wuraren da santsi ya fi kayar da tsofaffi, kuma nan ne mutum kan cire abin da yake tsoron ya jiƙe. A duba alamar IP67 a jikin kwali, wadda ke nufin na'urar na jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya har tsawon minti 30.

Ta huɗu ita ce ta gane faɗuwa ba tare da an danna ba, fasahar da ta ƙara bazuwa tun da kamfanin Apple ya sanya ta cikin agogonsa a shekarar 2018. Tana da amfani ga wanda ya suma, amma kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Faɗuwa mai ƙarfi take ganewa. Wanda ya sulale a hankali jikin bango tana iya wuce shi. Ya kuma kyautu a gwada ta lokacin ruku'u da sujada, domin na'urar da ke yawan ihun ƙarya, ƙarshenta a daina kula ta.

Duk waɗannan sharar fage ne. Babbar tambayar ita ce, wane ne zai zo? Ƙasar nan tana da lambar gaggawa ta 112, Legas kuma tana da 767. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa, kuma a shekarar 2022 Gwamnatin Tarayya ta fara gwajin shirin motocin agaji na ƙasa, NEMSAS, a Babban Birnin Tarayya. Wannan ci gaba ne, amma duk wanda ya san garuruwanmu ya san cewa a wurare da dama motar maƙwabci ko Keke Napep ce ke kai marar lafiya asibiti. Taswirar tauraron ɗan Adam ma kan yi rauni idan mutum yana cikin ɗaki, kuma ba ta san lungunan cikin birni kamar yadda yaron unguwa ya san su ba.

Don haka lambar farko da za a sanya cikin na'urar ba ta ɗan da ke Legas ba ce, komai ƙaunarsa ga mahaifiyarsa. Ta wanda zai iya isowa cikin minti biyar ce, mai riƙe da makullin gida. Ta biyu ta mai abin hawa, wanda aka riga aka yi magana da shi, aka kuma ajiye masa kuɗin mai. Ta uku ce ta ɗan da ke nesa, wanda aikinsa shi ne tura kuɗi da sanar da likita. A rubuta magungunan da tsohon ke sha da sunan asibitin da katinsa yake, a manna a bayan ƙofa. Duk wannan bai kai kuɗin na'urar ba, amma shi ne ke mayar da ita abin amfani.

Kada kuma a manta da mai ɗaukar kayan. Dattijon da ya yi shekara 50 yana riƙe da gida ba zai ji daɗi a rataya masa abu kamar ƙaramin yaro ba, balle ya ji cewa ana bibiyar duk inda ya sa ƙafa. A zauna da shi cikin ladabi, a nuna masa, a bar shi ya zaɓi ta wuya ko ta hannu, a kuma gaya masa waɗanda za su riƙa ganin inda yake. Idan ya ce shi wayarsa mai maɓallai ta ishe shi, to, a saita masa kiran gaggawa a lamba guda, a sama mata igiyar ratayawa. Wayar da ke aljihu ta fi na'ura mai tsada da ke ƙarƙashin matashi.

A ƙarshe, akwai kasuwa a nan ga mai ido. Abin da muka rasa ba kwalayen da za a shigo da su daga Sin ba ne, waɗannan kowa na iya oda. Abin da muka rasa shi ne ƙananan cibiyoyin amsa kira masu jin Hausa da sauran harsunanmu, masu yarjejeniya da asibitoci da direbobi a unguwa, masu karɓar kuɗinsu da naira, masu kuma kiyaye sirrin jama'a kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanada. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu da ke kudu, waɗanda membobinsu da yawa suka fito daga gari guda, suna iya fara wannan da kansu ta hanyar karo-karo. Ya kuma kamata Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa wa dokarta hannu a shekarar 2018, ta haɗa kai da NCC su fitar da ƙa'idojin da za su kare masu saye daga jabun kaya.

Kafin wannan ya tabbata, duk wanda ya tsaya gaban mai shago da kuɗi a hannu, ya fara tambayar kansa: idan Inna ta danna wannan maɓalli da ƙarfe 2 na dare, wane ne zai tashi? In har yana da amsa, ya saya. In kuwa babu, to, ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya je gida ya gaida maƙwabta tukuna, domin zumunci a ƙafa yake.