Maimaita Adireshi a Kuɗin Kirifto: Laifin Mai Amfani ne ko na Mai Tsarawa?

Tun a shekarar 2008, takardar da Satoshi Nakamoto ya gabatar da Bitcoin a cikinta ta ba da shawarar a riƙa yin sabon makulli ga kowane ciniki, domin a sakaya mai dukiya. Abubuwan da suka biyo baya sun nuna cewa maimaita adireshi yana iya salwantar da dukiyar kanta, kuma mafi yawan alhakin hakan yana wuyan masu tsara sa hannu.

Kowane mai kuɗin kirifto yana da makulli biyu: na sirri, wanda yake sa hannu da shi, da na fili, wanda ake tantance sa hannun da shi. Duk sa hannun da aka yi yana zama a kundin ciniki har abada, kowa na iya dubawa. Tsarin ECDSA, wanda Bitcoin ya fara da shi, yana buƙatar sabuwar lambar ƙuri'a duk lokacin da za a sa hannu. Idan lamba ɗaya ta fito sau biyu tare da makulli ɗaya, ɗan lissafi kaɗan ya isa a zaƙulo makullin sirri. Haka ta faru a watan Agustan 2013, lokacin da aka gano aibi a sashen manhajar Android mai fitar da waɗannan lambobi. Wasu jakunkunan kuɗi suka maimaita lamba, ɓarayi kuwa suka wawashe abin da ke ciki. Abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne samun sa hannu biyu daga makulli guda.

Lamarin IOTA ya fi wannan fitowa fili. Tsarin ya ɗauki sa hannu irin na Winternitz, wanda aka ƙirƙira domin amfani sau ɗaya tak, saboda kowane sa hannu yana tona wani ɓangare na makullin sirri. Na biyu da na uku kuwa suna ƙara sauƙaƙa wa mai son yin jabu. A shekarar 2021 IOTA ya koma ga Ed25519, wanda ke jure maimaitawa.

Masu kare irin wancan tsari sukan ce ai an gargaɗi jama'a. Amma sau da yawa mai aikowa ne yake maimaita adireshi, mai karɓa kuwa ba shi da ikon hana shi. Ɗan kasuwar da ya ba abokin ciniki adireshi bara yana iya wayar gari ya tarar da kuɗi a wurin da ya riga ya kashe daga cikinsa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsarin da amincinsa ya rataya ga cewa ba wanda zai taɓa mantuwa, tun daga tushe yake da rauni.

Gyaran kuma mai yiwuwa ne. Ƙa'idar RFC 6979, wadda Thomas Pornin ya fitar a 2013, tana samar da lambar daga makullin sirri da saƙon kansa, ba ta dogara da ƙuri'a. BIP 32 ta Pieter Wuille, ta shekarar 2012, ta ba jakar kuɗi damar fitar da sababbin adireshi daga tushe guda. Duk da haka, mai maimaita adireshi yana barin sawun cinikinsa a fili ga mai bin diddigi.

A nan masana Hausa ke da rawar takawa. Kalmar "adireshi" tana kawo wa Bahaushe hoton gida ko lambar asusun banki, abin da ake bayarwa sau ɗaya ya dawwama. Wanda ya fahimce ta haka zai maimaita ba tare da ɗar ba. Ya kamata masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya su nemo lafazi irin "lambar karɓa ta sau ɗaya", wanda zai sanar da mai amfani haɗarin tun kafin ya tura wa wani.