Birkin Faifai A Tsohuwar Kombi: A Yi Shi Duka Ko A Bar Shi

Jama'a, yau zancen birki na zo da shi. Na san akwai masu cewa ina ruwan mai sayar da goro a Agege, ko mai gadi a Apapa, ko mahaucin Sabo a Badun da birkin mota. To, a yi mini haƙuri a saurara. Kusan kowanenmu da ke zaune a nan Kurmi yana da wata mota a gida wadda ko dai shi ya saya, ko da kuɗinsa ake gyaranta, ko kuwa ita ce za ta ɗauko shi daga tasha ran da ya koma ganin gida. Kuɗin da muke aikawa su ne ke zama taya da man birki a can, saboda haka muna da ta cewa.

Watan jiya ɗan wana ya bugo mini waya daga Kwoi. A gidanmu akwai wata tsohuwar Volkswagen Kombi ƙirar 1969, irin wadda mutanen Ikko suka laƙaba wa suna danfo, mu kuwa muke ce wa kiya-kiya. Mahaifinsa ya saye ta hannu na biyu tun muna samari, ta yi jigilar citta daga ƙauyukan Jaba zuwa kasuwar Kwoi da ta Kafanchan, ta kai amare, ta kai masu naƙuda asibiti cikin dare, ta kuma raka da yawa daga cikin dattawanmu makwancinsu. Ya ce mini, "Baba, Allah ne kaɗai ya yi da sauran kwananmu." Wai yana dawowa daga Jos da dankalin Turawa da mutum shida, suna cikin gangarar Hawan Kibo ya taka birki ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka kunu. Da ƙaramar giya da birkin hannu ya samu ya lallaɓa ta ta tsaya a gefe, ƙafafun gaba suna hayaƙi. Bayan ta huce sai birki ya dawo kamar ba abin da ya faru. Makanikinsa ya ce maganin abin shi ne a cire birkin ganga na gaba, watau wanda suke kira diram, a sa na faifai, wanda suke kira dis. Abin da ya rage, in ji shi, kuɗi, kuma kowa ya san wa ake nufi.

Ra'ayina shi ne makanikin ya yi gaskiya, amma rabin gaskiya ya faɗa, kuma sauran rabin ne ke kashe mutane.

Bari mu fara da abin da ya faru a gangarar. Birki ba ya yin kome illa ya mai da gudun mota ya zama zafi. Na zauna na yi lissafi: a ce mota da kayanta sun kai tan 2, ta sauko gangara mai zurfin mita 300 a kan birki kaɗai, zafin da zai fito ya isa ya tafasa ruwa wajen lita 18, kusan jarka guda ke nan. Tilas zafin nan ya sami inda za shi. Birkin ganga kuwa kamar tukunya ne da aka kife tana juyawa tare da taya, a cikinta akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa da aka manna wa fata mai kaushi, in an taka sai man birki ya tura su waje su dafe cikin tukunyar. Rufe take ruf, iska ba ta shiga sosai, zafi sai ya taru. In ƙarfen gangar ya yi zafi sai ya buɗe, watau ya guje wa abin da ke son kama shi, sa'an nan fatar da kanta in ta gasu sai ta yi santsi. Direba ya yi ta taka ƙafa, ƙafa na nitsewa, mota na ƙara gudu.

Na faifai ba haka yake ba. Faifan ƙarfe ne a fili, iska na bugunsa ta ko'ina, da wani abu mai kama da awartaki da ke matse shi daga ɓangarori biyu. In ya yi zafi ya kumbura, wajen abin da ke matse shi yake kumburowa. In an ratsa rafi da damina, juyi kaɗan ya watsar da ruwan, alhali ganga takan riƙe ruwa a cikinta har sai an yi tafiya ana ɗan taka birki kafin ta bushe. Bugu da ƙari shi ke daidaita kansa yayin da yake cinyewa, ba kamar gangar Kombi ba wadda sai an shiga ƙarƙashi lokaci lokaci an ɗaure ta da hannu. Wa ke tunawa da wannan ɗaurin? Sai ran da mota ta fara ja gefe guda.

Ba kuwa sabon abu ba ne. Wani Bature a Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar irin wannan birki tun 1902. Motar Jaguar ta ci tseren Le Mans a Faransa da shi a 1953, Citroën ta sa shi a motarta DS a 1955. Abin da ya fi ba ni hujja shi ne su kansu masu ƙera Kombi a Jamus sun bar ganga a gaba daga ƙirar 1971, suka koma faifai. Tamu ta riga wannan canji da shekara biyu kacal. In mai abu ya ce ga inda abinsa ya gaza har ya gyara, ni wa ne ne da zan yi masa gardama?

Duk da haka kada a ɗauka ganga abin banza ce. Akwai dattawan direbobi a Kafanchan da za su ce maka sun yi shekara talatin suna hawa da sauka tsakanin Kagoro da Jos da birkin ganga ba su taɓa ko kwarzane ba, kuma ba ƙarya suke yi ba. Manyan motocin da ke ɗauko shanu daga Arewa zuwa Ikko akasarinsu har gobe ganga ce a ƙafafunsu. A hanyoyinmu na jar ƙasa rufin nan nata yakan kare ta daga tsakuwa da laka, fatarta tana daɗewa, kuma makanikin ƙauye ya san ta kamar yunwar cikinsa. Tana da wata baiwa kuma: juyawar gangar da kanta tana jawo ƙarfen ciki ya ƙara dafewa, shi ya sa ba a bukatar ƙarfin ƙafa da yawa. Wanda motarsa ba ta wuce Kwoi zuwa Nok da buhu biyar, ni ban ga dalilin da zai sa ya ci bashi don wannan aiki ba. Ya sayi fata mai kyau, ya ɗaure a kan kari, ya zauna lafiya. Amma motar da ke sauko dutse da lodi, wannan wani zance ne dabam.

To, ga inda gizo ke saƙar. Da na tambayi ɗan wana me da me makanikin zai saya, sai ya ce faifai biyu da awartakinsu, an ce akwai na wata motar Japan da aka kwance a Panteka ta Kaduna, za a yanko ƙarfe a yi musu mazauni a haɗa da walda. Nan na ce masa a dakata.

Na farko dai, ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba ba abin da za a kai wa mai waldar ƙofa ba ne. Duk nauyin tsayar da mota a kan mazaunin nan yake sauka, kuma waldar da aka yi da ka takan nuna lafiya wata shida, ran da aka fi bukatarta ta tsage. Hanyar da ta dace ita ce a nemo kayan gaba na Kombi ƙirar 1971 zuwa sama, waɗanda aka ƙera da ramukansu, a ɗaure da noti. Masu wannan mota a Turai da Amurka suna ta yin wannan canji, kuma ba a daina ƙera Kombi a Brazil ba sai 2013, saboda haka kayanta ba su ɓace daga duniya ba. Mu da ke kusa da kasuwar Ladipo a Mushin mun fi na gida damar nema, in dai za mu tafi da wanda ya san ƙarfe, don ba kowane abin da aka wanke da fetur aka shafa wa mai ne lafiyayye ba.

Sa'an nan akwai masta, watau famfon da ke ƙarƙashin ƙafar direba. Wanda aka yi don ganga yana tare da wani ɗan bawul da ke rage matsi kaɗan a cikin bututu ko da an ɗaga ƙafa. Ganga na son haka. Faifai kuwa in an bar masa wannan matsi sai ya yi ta gogawa ba tsayawa, ya yi zafi tun ba a kai gangara ba, ya cinye fata, ya sha mai. Watau an kashe kuɗi an sayo ainihin ciwon da ake gudu. Tun da faifai ba shi da baiwar nan ta kama kansa, ƙafa za ta yi nauyi, sai an ƙara busta mai taimakon ƙafa da iskar da inji ke zuƙa. Akwai kuma daidaita gaba da baya, domin in ƙafafun baya suka riga na gaba kullewa, musamman mota ba kaya a kan kwalta mai ruwa, sai ta juya ta dubi inda ta fito. Robobin bututu da suka shekara da shekaru su ma sai an sake su. Har ma na taɓa ganin inda aka ɗaura awartakin dama a hagu, ɗan notin fitar da iska ya koma ƙasa, aka wuni ana famfo iska ta ƙi fita, don iska sama take taruwa.

Wani abin da ba a faɗa wa mai mota sai aiki ya yi nisa shi ne wili. Na tsohuwar ƙira notinsa biyar ne a warwatse, faɗin da'irarsu milimita 205, na sabuwar kuwa 112. In an sake gaba an bar baya, safiya guda ba za ta shiga duka biyun ba. Ko dai a sake na bayan su ma, ko a riƙa yawo da safiya biyu a motar da ake ƙorafin ba ta da wurin buhu. Wannan ma kuɗi ne, gara a sani tun ran gini.

Ko an yi duk wannan daidai, akwai abin da faifai ba zai gyara ba. Man birki yana shan raɓa daga iska. Irin wanda aka rubuta wa DOT 3 in sabo ne ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma in ya tsufa ya sha ruwa, a wajen 140 ma sai ya tafasa, kuma da ya tafasa ƙafa za ta tafi ƙasa ko da faifan zinariya aka sa. Ana so a zubar a sake duk shekara biyu. Da na tambayi yaron nan yaushe rabon da a sake na tamu, sai ya ce ai ba ya ƙarewa, ƙari kawai ake yi. Ban ma so in yi zancen masu zuba ruwan sabulu a madadinsa ba, amma kowa a tasha ya san ana yi.

Sai kuma muguwar ɗabi'ar nan da ta ƙaru tun da aka janye tallafin mai a 2023, ta kashe inji ko sa mota a firi in an zo gangara don a rage shan fetur. Ku lura da kyau: motar da aka sa wa busta, in an kashe inji, taku biyu ko uku taimakon ya ƙare, ƙafa ta zama dutse. Ashe direban da ya saba da wannan dabara a kan ganga, in aka yi masa sabon birki bai sake hali ba, an ƙara matso da shi bakin rami ne. Giyar da ka hau dutse da ita, da ita za ka sauko. Haka tsofaffin direbobi suka koya, shi ya sa gangarsu ba ta ci amanarsu ba.

Na san halin da ake ciki a gida. A shekarar 2023 cuta ta faɗa wa citta a Kudancin Kaduna ta ruɓar da gonaki a Jaba da Kachia da Kagarko, mutanen da a da suke sake mota bayan kaka yanzu lallaɓa tsohuwa suke yi, lodin mota biyu kuma a ɗora wa guda. Ba wanda zai ce musu su jefar da abin neman abincinsu. Amma ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Kafanchan da Kwoi da su sa ido a kan motocin da aka yi wa irin wannan canji, su sa a gwada su da lodi a fili kafin a ba su layi. Ina kuma roƙon Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, da jami'an duba lafiyar motoci, su riƙa leƙa bayan taya kamar yadda suke duba takardu. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari a nan Ikko da Badun da Fatakwal, masu tara kuɗi su yi hayar mota in za a tafi gida hutun ƙarshen shekara, su ma suna iya tambayar mai mota abin da ke ƙafarta kafin a yi ciniki.

Ni dai ga yadda muka ƙare da ɗan wana. Na ce ba zan aika ko kwabo don kayan Panteka da walda ba. Na shiga Ladipo da wani tsohon makaniki mutumin Zonkwa wanda ya yi aikin Kombi tun zamanin da ake haɗa Volkswagen a Ojo, muka yi Asabar biyu muna yawo kafin mu haɗa kayan gaba da masta da busta, wili huɗu har yanzu muna nema. Na ce kafin su iso a zubar da tsohon mai, a ɗaure gangar da ke akwai, kuma motar kada ta sake hawa Jos. Ya yi gunaguni, ya ce kasuwar dankali za ta wuce shi, na ce ta wuce. Ya ce, "Baba, kun daɗe a Ikko kun manta yadda ake neman kuɗi a gida." Wataƙila da gaskiyarsa. Mun yi da shi in na zo bikin Tuk Ham zan zauna a gaba kusa da shi, a ɗora buhu goma, mu gwada ta a hanyar Kafanchan.