Fatar ido ba bakin zane ba ce

Wani marubuci ya ce tiyatar kwalliya ta fatar ido ta ƙasa ƙaramin aiki ce: awa ɗaya ko biyu, a cire kitsen da ya kumburo, mutum ya rabu da fuskar gajiya har abada. Gaskiya ne da yawa suna jin daɗin sakamakon. Amma “har abada” ɗin fa?

Tsufa ba ya tsayawa don an yi tiyata. Kitsen fuska raguwa yake yi da shekaru. Wanda aka kwashe masa da yawa yau, ina zai samo shi ranar da idonsa ya zurma? Shi ya sa likitoci da dama suka koma shimfiɗa kitsen a ramin ƙasan ido maimakon cire shi.

Sai fata. In aka yanke fiye da kima, ko tabo ya ja ta ƙasa, farin ido ya bayyana ƙarƙashin baƙin, wani lokaci fatar ta juye waje. Ido ya bushe, ya riƙa yaji kamar an zuba yashi, hawaye na bin kunci. Gyaran yakan buƙaci wata tiyatar, har da dashen fata. Wannan ne ƙaramin aiki?

Baƙin ƙasan ido kuma, in launin fata ne, wuƙa ba ta goge shi.

Zubar jini a bayan ƙwayar ido ba kasafai take faruwa ba, amma tana iya makantarwa. Me ya sa marubucin bai ambata ba? Mai shirin miƙa idonsa ya cancanci jin duka, tun ran gini, tun ran zane.